Wane Aiki Ne Zai Jira, Wane Ne Ba Zai Jira Ba?

Wannan shi ne jawabin da wani ɗan uwa daga cikin masu hidima ya gabatar a zaman matasa da aka yi a Yasore ta ƙasar Batsari, jihar Katsina, wanda matasa daga ƙauyukan Batsari da Safana suka halarta. Mun rubuto maku shi kamar yadda aka naɗa. 

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Manzonsa da iyalan gidansa da sahabbansa. 

An ɗora mani in yi magana a kan tsara aiki, wato yadda mutum zai san abin da ya kamata ya fara da shi, da abin da zai bari sai gaba, da kuma yadda zai rubuta ayyukansa na yini daidai da ƙarfinsa. Ba don na fi kowa tsari aka ba ni wannan maudu'i ba. Bilhasali ma ina ganin an ba ni ne saboda an san na sha wuyar rashinsa, kuma da wannan wuyar zan fara.

A daminar 2022, ban daɗe da gama sakandare ba, na sayi ɗan littafi na rubuta abubuwa 14 da nake son in yi a mako guda. Akwai hadda, akwai bitar littattafan jarrabawa, akwai ziyarar marasa lafiya, akwai ɗauko tabarmi da lasifika na wani taro a maƙwabta, akwai koyon gyaran waya, akwai kuma noman gonar geronmu. Duk a jere na zuba su, ba babba ba ƙarami. Wanda aka kira ni a kansa shi nake tashi in yi. Gona kuwa ba ta kira. Ina cewa gobe, ina cewa jibi, har kwana goma sha suka wuce a kan lokacin noman firi. Ranar da na je, sai na tarar ciyawa ta shanye geron, sai ka duba da kyau kafin ka gane shuka. Mahaifina bai yi mani faɗa ba. Abin da ya ce kawai shi ne: "Ita ciyawa ba ta san kana wajen aikin lada ba." A kakar nan damman da muka ɗaure ba su kai na bara ba, kuma tun kafin wata daminar ta kama muka koma awo a kasuwa. Cikin abubuwa 14 ɗin nan babu na banza ko ɗaya. Laifina shi ne ban tambayi kaina ba, wanne ne zai jira ni, wanne ne ba zai jira ba.

LOKACIN NAMU NAWA NE?

'Yan uwa, kafin mutum ya je wajen tela sai ya san yadi nawa ke hannunsa. Mu ƙirga namu. Mako guda awa 168 ne. Cire barci, awa bakwai kullum, 49 ke nan, saura 119. Cire salloli da alwala da zuwa masallaci da dawowa, mu ce awa 11, saura 108. Cire cin abinci da wanka da sauran buƙatun jiki, awa 14, saura 94. Da damina cire gona, awa shida sau kwana shida, 36, saura 58. Cire makarantar dare ko Islamiyya, awa 10, saura 48. Cire aiken iyaye da cin kasuwa da suna da jana'iza, awa 14. Abin da ya rage awa 34 ne, wato bai cika awa biyar a yini ba. Wannan lissafina ne, kowa ya je ya yi nasa. Amma ka ga ashe ba mu da lokaci mai yawa, kuma ba a ce ba mu da shi sam ba. Tambayar ita ce, ina awa biyar ɗin nan suke tafiya? Wasan ƙwallo ɗaya a gidan kallo kusan awa biyu ne. Zaman teburin mai shayi da latse-latsen waya su cinye sauran. Ko ba haka ba?

Irin wannan lissafi ba baƙo ba ne a wajen malamanmu. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111 miladiyya, a littafinsa Bidayatul Hidaya ya tsara wa ɗalibi yininsa tun daga farkawa har kwanciya, kuma ya yi lissafin cewa mai barcin awa takwas kullum, in ya shekara 60 a duniya, shekara 20 a kwance ya yi su.

Mu kuma a nan akwai ƙari a kan haka. Shekarun da muka yi a bakin dajin Rugu sun koya mana cewa ba kullum yini ke cika a hannunmu ba. Ba mu manta da watan Fabrairun 2020 ba, lokacin da aka kashe mutum 30 a Tsauwa da Dankar a nan Batsari, Allah ya jiƙansu. Ba mu manta da shekarun da gonar da ke nesa da gari ta gagari mai ita ba, wanda ya je ma tun kafin la'asar yake haramar gida. A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin jiha ta hana sayar da dabbobi a kasuwannin Batsari da Safana da Jibiya da Ɗanmusa da wasunsu, ta hana sayar da fetur a jarka, ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure. A watan Satumba kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da namu, aka yi watanni a haka. Wanda ya ce sai ya sayar da akuya ya biya bashi, ya wayi gari ba kasuwar. Wanda duk lambobinsa da alƙawuransa suna jiran a kira shi a tuna masa, ya wayi gari ba kira. A 2025 an yi zaman sulhu a Batsari da Safana da wasu wuraren, muna roƙon Allah ya ba mu zaman lafiya mai ɗorewa. Amma darasin yana nan: wanda bai da tabbacin yammacinsa, dole ya san abin da zai sa a safiyarsa.

MA'AUNIN DA AKE AUNA AIKI DA SHI

To, da me za mu auna? Duk wanda ya zauna gaban malami a cikinmu ya riga ya san ma'aunin, bai dai fito da shi daga babin salla ya kai shi sauran rayuwa ba. An koya mana akwai farilla, akwai sunna, akwai mustahabbi, ba a kuma haɗa su a mudu ɗaya. A cikin Ahalari, littafin da yawancinmu muka fara da shi, an yi bayanin mutumin da ake bin sa sallolin ramuwa. Abu biyu ne suka ja hankalina a wurin. Na farko, an ce ya ajiye nafilfili irin su walaha, ya fuskanci bashin da ke kansa, ban da 'yan kaɗan da aka keɓe kamar shafa'i da wutiri. Na biyu, ba a ce ya rama duka a dare ɗaya ba, an yanka masa gwargwado, cewa in yana rama na kwana biyar a kowace rana ba a ƙirga shi cikin masu sakaci. Ka ga fifita wajibi, ka ga kuma rabon aiki daidai ƙarfin mutum. Duk abin da zan faɗa yau bai wuce waɗannan biyun ba.

Saboda haka duk aikin da ya zo gabanka, yi masa tambaya uku.

Ta farko: haƙƙin wa ke cikinsa? Abincin gidanku, maganin mahaifiyarka, bashin da ka ce za ka biya ranar kasuwa, amanar da aka ba ka ka kai, waɗannan haƙƙin wasu ne a wuyanka. Suna gaba da abin da kai kaɗai kake sha'awa, komai kyansa.

Ta biyu: yana da ƙofa mai rufewa? Daminarmu gajeriya ce, daga wajen watan Yuni zuwa ƙarshen Satumba. Gero wata uku ne kusan tsakanin shuka da girbi. Noman firi yana cikin mako biyu zuwa uku bayan shuka, in ya wuce ya wuce, ba a rama shi kamar salla. Taki ma yana da lokacin da in ka sa zai yi aiki, in ka makara ka zubar da kuɗinka. Wake in ka casa ka bar shi a buhu haka nan, cikin 'yan watanni ƙwari su mai da shi gari, alhali buhun nan mai leda biyu a ciki da ake ɗaurewa iska ba ta shiga zai tsare maka shi. Haka rajistar JAMB, a farkon shekara ake buɗe ta na 'yan makonni a rufe, kuma tun 2021 ba a yin ta sai da lambar NIN. Mai son ya shiga jami'ar tarayya ta Dutsin-ma ko kwalejin ilimi ta Isa Kaita, neman lambar nan aikin kaka ne, ba aikin makon ƙarshe ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ta uku: in ban yi shi ba, me zai faru, kuma akwai wanda zai iya yin sa in ba ni ba? Tabarmin da na je ɗaukowa a 2022, mutum goma za su iya ɗauko shi. Gonar mahaifina kuwa ni kaɗai ne mai ƙarfi a gidan.

Sai dai a kula da wani tarko. Aiki mai ihu daban, aiki mai nauyi daban. Waya ta yi ƙara, aboki ya yi sallama, an ce ana rigima a bakin tasha, duk waɗannan suna da murya. Karatunka ba shi da murya, sana'ar da kake koyo ba ta da murya, ɗan kuɗin da kake tarawa ba su da murya. Ba za su kira ka ba, sai ranar da ka neme su ka rasa. Saboda haka sai kai ka yanka masu lokaci da hannunka.

A YANKA BURI GUNDUWA-GUNDUWA

Abu na gaba shi ne buri. Ka tambayi matashi burinsa, ya ce ina son in haddace Alƙur'ani, ina son in yi karatu mai zurfi, ina son in yi jari in yi aure. Masha Allahu. Amma ba wanda zai tashi da asuba ya ce yau zan yi karatu mai zurfi. Buri ba ya shiga jerin aikin yini sai an yanka shi.

Alal misali hadda. Alƙur'ani izu 60 ne, kowane izu sumuni takwas, sumuni 480 ke nan. In kana riƙe sumuni ɗaya a kwana uku, kwana 1,440 za ka yi, wato ƙasa kaɗan da shekara huɗu. Wani zai ce shekara huɗu ai da nisa. To, shekara nawa ka yi kana cewa za ka fara? Mai son sauka a wata kuwa, a bugun Madina mai shafi 604, shafi huɗu ne bayan kowace salla. Ka ga "shafi huɗu bayan azahar" abu ne da za ka iya yi yau, ka kuma san ka yi ko ba ka yi ba. Haka jari. Kada ka ce zan tara kuɗi. Ka ce kowace ranar kasuwa zan cire kaza daga ribar rogon da na kai, in ba wane ajiya, har zuwa kaka. Malaman zaure ma haka suka bi da mu, Ahalari, sannan Ishmawi, sannan Iziyya, sannan Risala. Ba wanda aka fara wa da Muhtasar. Da rarrafe yaro kan tashi.

Shawarata, kada manyan burinka na shekara su wuce uku: ɗaya na ilimi, ɗaya na abin rufin asiri, ɗaya na gida ko na jama'a. Taura biyu ma ba ta taunuwa, balle goma.

Kuma a ji tsoron zuciya wajen ƙiyasin lokaci, don maƙaryaciya ce. A 1994 wasu masana a Kanada sun buga sakamakon wani bincike da suka yi a kan ɗaliban jami'a 'yan ajin ƙarshe. Sun tambaye su kwana nawa za su gama rubutun kammala karatunsu. A matsakaici suka ce kusan kwana 34. Aka ce to in komai ya lalace fa? Suka ce kusan kwana 49. Da aka bi su, sai da suka yi kwana 55 da rabi, wato sun zarce har lissafin da suka yi na mummunar rana. Waɗannan mutane ne da ke da wuta da hanya da kwanciyar hankali. Ina ga mu? Saboda haka in zuciyarka ta ce aikin awa ɗaya ne, rubuta awa biyu. In kana son gaskiya ma, kada ka tambaye ta, ka tuna wancan karon da ka yi irinsa awa nawa ya ci maka.

YADDA AKE RUBUTA JERIN

Wani zai ce, me ya sa sai na rubuta, ai ina riƙe da su a kai. A ranar 30 ga Oktoban 1935 wani sabon jirgin yaƙi na kamfanin Boeing ya faɗi a Amurka jim kaɗan da tashinsa, mutum biyu suka mutu. Matuƙan ƙwararru ne, jirgin kuma lafiyarsa lau. Abin da ya faru shi ne an manta ba a cire makullin da ake ɗaure abin sarrafa jirgin da shi in yana ajiye ba. Daga nan matuƙa suka fara rubuta jerin abubuwan da ake dubawa kafin tashi, kuma har yau da shi ake aiki. In ƙwararre yana mantuwa, ni da kai fa? Kuma ina ba da shawarar takarda da biro. Takarda ba ta neman caji, kuma ranar da aka ɗauke layi a 2021 ba a ɗauke da ita ba.

Ga yadda nake yi yanzu. Shafi biyu ne. Na bayan littafi rumbu ne, duk abin da ya faɗo mani ko aka ɗora mani can nake jefa shi, don kaina ya huta. Na gaba kuma na gobe ne, bayan isha'i nake rubuta shi, kuma abu uku kawai nake ɗebowa daga rumbun. Na farko shi ne wanda in shi kaɗai na yi, yinin bai tafi a banza ba, kuma shi nake sa wa da safe. Da sanyin safiya ake kama fara.

Sa'annan kowane aiki ina ɗaure shi da salla, don mu agogonmu da ba ya tsayawa shi ne kiran salla. Ina kuma rubuta shi yadda zan san ya ƙare. Ba na rubuta "gona", sai in rubuta "bayan asuba zuwa hantsi, kunya 20 a gonar gabas." Ba na rubuta "karatu", sai "bayan azahar, lissafi, tambaya 10 daga tsofaffin takardun jarrabawa." Ba na rubuta "bashi", sai "bayan la'asar, in kai wa mai shago kuɗinsa." Tsakanin magariba da isha'i na hadda ne, wannan ba ya ma shiga jerin, ya zama kamar cin tuwo.

Abu na ƙarshe, kowane aikin fita ina rubuta masa madadi a gefe. In an ce hanya ba lafiya, ko ruwa ya tsare, ko an yi rasuwa, me zan yi a gida? Gyaran rumbu, wasa fartanya, ƙarin karatu, koya wa ƙannena. Da can in aka ce yau ba fita, yinin gaba ɗaya a majalisa yake ƙarewa ana maimaita labari ɗaya. Yanzu ko an hana ni gona, ba a hana ni yinin ba.

Da daddare sai in duba. Wanda na yi in soke shi in gode wa Allah. Wanda ban yi ba in tambayi kaina dalili. In abu ya kwana uku yana tsallakawa daga shafi zuwa shafi, to ɗayan uku ne: ko ya yi girma in yanka shi, ko ba nawa ba ne in miƙa wa mai shi, ko ba shi da amfani in goge shi. Ranar Juma'a bayan an sauko kuma in zauna na ɗan lokaci in dubi makon da ke tafe gaba ɗaya.

AIKIN JAMA'A

Wannan bai tsaya ga mutum ɗaya ba. Sau nawa muka zauna muka ce za a gyara rijiya, za a yashe magudanar ruwa kafin damina, za a tara wa marayu hatsi da kaka, aka watse da addu'a, shekara ta juyo ba a yi ba? "Za a yi" ba shi da uba. Kada mu ƙara tashi daga zama sai an rubuta abu uku: mene ne aikin, wa zai yi, wace rana. Zama na gaba kuma da wannan takardar za a buɗe shi. Iyayenmu masu gayya sun san haka, ba a cewa za a yi gayya, sai a ce gonar wane, ranar kaza.

Kuma mu koyi cewa ba zan samu dama ba. Da yawanmu kunya ke sa mu karɓi aikin da muka san ba za mu iya ba, mu ce insha Allahu alhali zuciya ta san ba za ta je ba. Wannan wasa ne da sunan Allah, kuma cutar da ɗan uwa ne, don da ka gaya masa gaskiya da ya nemi wani. Shugabanninmu su ma su taimaka, kada a ga yaro mai himma a ɗora masa komai har gonar ubansa ta mutu. A tambaye shi, me ke gabanka a makon nan?

Daga ƙarshe, na san akwai mai cewa ai komai nufin Allah ne, bawa yana nasa Allah yana nasa. Gaskiya ne. Mu da muka ga an fita gona da safe ba a dawo ba, ba sai an koya mana wannan ba. Amma ban taɓa ganin manomin da ya ƙi ajiye iri don bai san ko zai ga damina ba. Muna tsarawa ne don an ba mu amanar yau, gobe kuma muna barin ta ga Mai ita.

Saboda haka abin da nake roƙon kowa, yau ɗin nan bayan isha'i, kafin ka tafi majalisa, ka samu takarda ko da bayan kwalin sabulu ne. Ka rubuta abu uku na gobe, ka sa wa kowanne sallar da zai biyo baya, ka ja layi a ƙarƙashin wanda ba zai jira ba. Ka yi haka kwana bakwai. In Allah ya kai mu zama na gaba, kowa ya zo da takardunsa, ni ma zan zo da nawa, mu ga abin da ya yiwu da wanda ya gagara.

Abin da na faɗa daidai Allah ya ba mu ladarsa, wanda na yi kuskure Allah ya yafe mani, malamaina kuma su gyara mani. Allah ya sa albarka a lokutanmu, ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da yankinmu lafiya.